Labarin Tafiyata Zuwa Maraɗi Da Abin Da Na Gani A Kan Iyaka

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙonka ka ɗan ba ni fili cikin wannan jarida tamu mai farin jini, in ba 'yan'uwana masu karatu labarin wata tafiya da na yi cikin mota daga Kano zuwa Maraɗi a watan Disamba na shekarar 2024. Na sani da yawa daga cikinsu sun fi ni sanin wannan hanya, har watakila su ce me ke cikin tafiyar yini guda da za a cika takarda da shi. To, su yi haƙuri su karanta. Akwai wani abu da ya faru a gabana a kan iyaka wanda har yau bai bar zuciyata ta huta ba, ina kuwa tsammani ya shafi kowane ɗayanmu da Allah Ya ba shi sanin karatu da rubutu.

Dalilin tafiyar shi ne ina da goggo a Maraɗi, ƙanwar mahaifina, wadda aka kai ta aure can tun ba a haife ni ba. Masu karatu za su tuna, sa'ad da soja suka tuɓe Shugaba Bazoum ran 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, watau ECOWAS, ta sa aka rufe iyakar da ke tsakaninmu da Nijar, ba a kuwa buɗe ta ba sai cikin Maris 2024. Cikin waɗannan watanni Allah Ya yi wa mahaifina rasuwa. Samari masu ƙarfi suna ƙetarewa ta hanyoyin daji bisa babur, amma tsohuwa mai ciwon ƙafa ba ta iya wannan. Saboda haka aka yi jana'izar wanta, aka yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, ba ta sami zuwa ba, alhali abin da ke tsakaninsu bai kai kilomita 300 ba. Da shekara ta kewayo sai aka aiko mini ciwo ya kwantar da ita, tana ta kiran sunana. Na nemi hutun kwana uku wurin aiki, aka ba ni.

Da ya ke ni akawu ne, takarda ita ce sana'ata, tun da dare na haɗa fasfona da katin nan mai ruwan ɗorawa na allurar rigakafin ciwon shawara, na sa su cikin aljihun gaba. Ba zan ɓoye muku ba, har ina jin wani ɗan alfahari a raina, ina cewa ai ni babu mai tsai da ni.

Da asuba na isa tasha, ana hunturu mai tsanani, ƙura ta rufe gari. Motarmu bas ce mai cin mutum 18, amma kowa ya san motar haya ba ta san agogo ba, cikarta shi ne lokacinta. Ba mu tashi ba sai da hantsi ya dubi ludayi. Mutum uku daga cikin abokan tafiyata su ne labarin nan ya shafa. Na farko wani Alhaji ne mai fataucin goro, wanda ya ce ya fi shekara talatin yana bin wannan hanya. Na biyu wani yaro ne ɗan makaranta, mutumin Maraɗi, ya zo Kano ziyarar 'yan'uwa zai koma gida. Ta uku wata tsohuwa ce da ƙullin kayanta a cinya, da 'yar ƙwarya a ɗaure cikin zane. Ita ce kusa da ni. Muka gaisa, na tambaye ta, “Inna, ina zuwa da sanyin nan?” Ta ce, “Ɗan nan, jikata ta haihu can gaba da Ɗan Isa, gobe suna.”

Muka wuce Dawanau, inda manyan motoci ke lodin hatsi, muka bi ta Bichi da Tsanyawa da Kankiya da Caranci. An gama kaka, gonaki sun zama fili sai kara, awaki suna kiwo a ciki. Muka isa Katsina wajen azahar, muka yi salla, muka ci abinci, direba ya sauke waɗansu ya ɗauki waɗansu. Daga Katsina zuwa Jibiya tafiya kaɗan ce, ba ta kai kilomita 50 ba, amma ta ci mana lokaci ƙwarai, gama ba ka yin nisa sai ka tarar da shinge. Direba kuwa sai duban rana ya ke yi, don babu mai son dare ya same shi a wannan yanki saboda ɓarayin daji masu bindiga.

Da muka isa kan iyaka, a Magama ta Jibiya, yaron mota ya ce kowa ya sauka da takardarsa a hannu. Wurin cike ya ke da jama'a: manyan motoci a jere, masu canjin kuɗi zaune bisa benci da damin Naira da Sefa a gabansu, 'yan mata masu tallan ƙosai da gyaɗa, 'yan acaɓa suna ta kiran fasinja. Na yi sauri na shiga layi don kada a riga ni. Ina tsaye sai na hangi wani saurayi mai tsabtar riga, da alƙalami a aljihu, ya ja Inna gefe yana yi mata magana a hankali. Ba shi da kayan sarki a jikinsa. Raina ya ba ni wani abu, na kuwa ga ta kwance bakin zanenta. Amma sai na dubi layi, na ga in na fita zan koma baya, na tuna goggona tana kwance, na ce a raina ai watakila ɗan'uwanta ne. Na kau da kai.

Aka duba fasfona, aka buga mini hatimi, aka rubuta sunana cikin babban littafi, ba a nemi ko anini a wurina ba. Ina shirin fita sai ga Inna ta iso gaban tebur, ta miƙa wata 'yar takarda da hannu biyu, tana murmushi. Ma'aikacin ya duba ya ce, “Inna, wannan fa mece ce?” Ta ce, “Takardar wucewa ce, yanzu na biya.” Ya miƙo mini, ya ce, “Malam, karanta mata.” Na karɓa na duba. Jama'a, rasit ne na kuɗin rumfar kasuwa, tsoho, har kwanan watan da ke jiki ya kusa gogewa. Naira 5,000 ta ba saurayin nan, kuɗin da ta tara don ta ba mai jego. Muka fita nemansa, ko ƙurarsa ba mu gani ba.

Ma'aikacin ya tambaye ta ko tana da wata shaida, ko katin ɗan ƙasa ko na zaɓe. Ta ce, “Ɗana, wace shaida kuma? Can aka haife ni, aka kawo ni aure nan, ɗiyata kuma aka mai da ita can. Da ƙafata na sha bin hanyar nan ɗauke da ƙwarya, ba wanda ya taɓa tambayata takarda.” Direba ya leƙo ya ce shi fa ba zai jira ba, rana tana yin ƙasa, a sauke mata kayanta. Nan ma na yi shiru. Alhaji mai goro shi ne ya matso, ya ce, “Ranka ya daɗe, na san garin da za ta, na san mai garin. Ga takardata, rubuta sunana, ni ne na tsaya mata.” Ma'aikacin, Allah Ya saka masa da alheri, ya yi mata waɗansu tambayoyi, ya rubuta, ya gargaɗe ta ta nemi kati in ta koma gida, sa'an nan ya sallame ta. Da muka koma mota Alhaji ya cire hularsa ya zaga da ita, kowa ya jefa abin da ya sauƙaƙa, har aka mayar mata da kuɗinta. Na jefa nawa, amma kunya ba ta bar ni na dubi fuskarta ba. Da na bar layi na minti biyu na karanta takardar nan tun tana hannun saurayin, da duk wannan bai faru ba.

Tsakanin ofishin Nijeriya da na Nijar akwai 'yar tafiya. Muna cikinta Alhaji ya nuna waje da hannu ya ce, “To, Malam, ga iyakar taku nan ta masu takarda.” Na leƙa ta taga, na duba dama na duba hagu. Karan gero ne a nan, karan gero a can, rumbuna iri ɗaya, gawo da kuka iri ɗaya, wani yaro yana kora shanu daga wannan gefe zuwa wancan. Ko gulbin da ke ratsa wurin haka ya ke yi: daga ƙasar Katsina ya ke tasowa, an yi masa dam a Jibiya, ya shiga Nijar ya bi ta wajen Madarumfa da Maraɗi, sa'an nan ya juyo Nijeriya ya haɗu da Gulbin Rima.

Ga wanda bai san asalin wannan iyaka ba, ga shi a taƙaice. A 1890 Ingila da Faransa suka yi yarjejeniya, suka ja layi bisa taswira daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin Tafkin Cadi. A 1898 suka sake, suka zagaye Sakkwato da da'ira mai nisan mil 100. Faransawa suka ga hanyar da aka bar musu zuwa Damagaram ba ta da rijiyoyi, suka nemi gyara, aka gyara a 1904, aka ƙara daidaitawa a 1906. Daga 1906 zuwa 1908 Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi ƙasa suna kafa alamu, har guda 148. Tsawon iyakar kimanin kilomita 1,500 ne. Ba a tambayi kakannin Inna ba sa'ad da a ke wannan aiki. Amma kada wannan ya ruɗe mu mu riƙa cewa ai zanen Turawa ne kawai, ba kome ba ne. Inna da kanta ta ba mu labarin yunwar 1984, wadda mutanen Nijar ke kira El-Buhari domin ta zo daidai da rufe iyaka da gwamnatin Janar Buhari ta yi a wannan shekara, ba a buɗe ba sai 1986. An sake rufewa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, ga kuma ta 2023 wadda ta hana goggona ganin gawar wanta. Layin da ke iya hana mutum hatsi, ya hana shi ta'aziyya, ya isa a san dokokinsa.

Muka isa Ɗan Isa, inda ma'aikatan Nijar su ke, muka sake sauka. A nan ne Allah Ya nuna mini iyakata ni ma. Ni da na yi shekaru a makarantar mishan ina koyon Ingilishi, har ina gyara wa waɗansu wasiƙa a ofis, aka miƙo mini 'yar takarda in cika, na duba sama na duba ƙasa, duk Faransanci ne. Haruffan na san su ɗaya ɗaya, amma abin da su ke faɗi ya gagare ni. Na tsaya riƙe da alƙalami kamar wanda bai taɓa shiga aji ba. Yaron nan ɗan makaranta ya gan ni, shi kuwa yana gabana a layi. Sai ya baro wurinsa ya dawo, ya ce, “Mushe, kawo in karanta maka. Nan sunanka, nan inda aka haife ka, nan gidan da za ka sauka.” Muka gama, ya koma can bayan layi ya tsaya. Yaron da bai wuce shekara 15 ba ya yi mini abin da na kasa yi wa tsohuwa sa'a guda da ta wuce. Da wani maƙetaci ne ya zo maimakonsa ya ce in biya kaza, wallahi da na biya, don ban fi Inna sanin abin da ke cikin takardar ba.

Kafin mu tashi na tsaya wurin mai shayi, na tambayi kuɗi ya ce dala arba'in. Na miƙa masa ƙwandalar Sefa 50 ina jiran canji, sai mutanen wurin suka fashe da dariya. Alhaji ya bayyana mini lissafinsu: dala guda Sefa 5 ce, saboda haka dala arba'in Sefa 200 ke nan, dala ɗari Sefa 500, Sefa 1,000 kuwa ita a ke kira jika. Haka kuma abin da mu ke ce wa makaranta su lakwal su ke cewa, malamin makaranta mushe, kwastan duwan, ga kuma jandarma wanda mu ba mu da shi. In ka ɗebe irin waɗannan, sauran duk namu ne. Agogonsu da namu ɗaya, hannun da su ke tuƙi shi mu ke tuƙi tun 1972, gaisuwa ɗaya, tuwo ɗaya. Gaba kaɗan da Ɗan Isa Inna ta sauka a bakin wata 'yar hanya, wani yaro yana jiranta da amalanke. Ta sa mana albarka mu duka, har da ni.

Muka shiga Maraɗi ana kiran magariba. Gari ne babba na fatake, titunansa a miƙe, gama bayan ambaliyar 1945 wadda ta ci tsohon garin da ke cikin fadama, Faransawa suka zana sabo a bisa tudu. Duk wanda ya san tarihi ya san Maraɗi ɗiyar Katsina ce. Sa'ad da Malam Umarun Dallaji da jama'ar jihadi suka ci Birnin Katsina wajen 1807, gidan sarautar Haɓe ya yi arewa, har Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi wajen 1819. Shi ya sa har gobe sarkin garin Sarkin Katsina a ke ce masa.

Na tarar da goggona da ranta, alhamdu lillahi. Ta riƙe hannuna ta daɗe tana dubana, ta ce, “Kai ne fuskar Yaya.” Ta sa na ba ta labarin jinyarsa da rasuwarsa tun daga farko har ƙarshe, da waɗanda suka yi masa wanka, da inda aka rufe shi. Da na gama ta ce yanzu ne ta yi ta'aziyya. Na kwana biyu wurinta na komo.

To, Edita, ga abin da ya sa na rubuto. A 1979 ƙasashen ECOWAS suka amince ɗan kowace ƙasa cikinsu yana iya shiga wata ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90, muddin yana da takardar tafiya da ta rigakafi. Mutane da yawa sun ji rabin farko na wannan magana, ba su ji rabin ƙarshe ba. Yanzu kuma Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ƙungiyar tun ran 29 ga Janairu 2025, saboda haka wajibi ne duk mai niyyar tafiya ya je ofishin shige da fice ya tambayi abin da a ke bukata kafin ya biya kuɗin mota. Matambayi ba ya ɓata.

Roƙona na farko ga hukumomin ƙasashen nan biyu ne. A kafa babban allo a kowace mashiga, a rubuta da Hausa, da boko da ajami, takardun da a ke nema, da abin da a ke biya in akwai, da abin da ba a biya, da kuma cewa kada kowa ya ba da kuɗi sai a kan tebur, ga mai kayan sarki, a ba shi rasit. Takardun cikawa su ma a sa Hausa a ƙarƙashin Ingilishi da Faransanci. Wannan ba abu ne mai wuya ba, balle ma a 2025 Nijar ta ɗauki Hausa ta zama harshen ƙasa. A Fabrairu 2021 aka aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. In Allah Ya sa jirgi ya fara bin ta, masu ƙetarewa za su ƙaru, mazambata kuma za su bi su.

Roƙona na biyu ga malaman makaranta ne da limamai da masu unguwanni. Ku ne mutanen ƙauye ke jin maganarku. Ku gaya musu su nemi katin shaida tun suna gida lafiya, kada su bari sai ranar da aka aiko da haihuwa ko rasuwa. Ku gaya musu riga mai tsabta da alƙalami a aljihu ba su ne ke mai da mutum ma'aikaci ba.

Roƙona na uku ga 'yan'uwana akawuna ne da dukan wanda ya iya karatu. In ka shiga mota za ka ƙetare iyaka, dubi wanda ke zaune kusa da kai. Tambaye shi ko yana da takarda tun kuna tasha. In kun sauka, ka sa shi a gabanka cikin layi, duk abin da aka miƙa masa ka karanta masa kafin ya kwance bakin zane. Iyayenmu da suka kai mu makaranta, da harajin talakawa da aka gina azuzuwa da shi, suna bin mu wannan bashi. Ka tuna kuma 'yar tafiya kaɗan ce tsakaninka da inda kai ma za ka nemi mai karanta maka.

In akwai wanda ya bi ta Illela zuwa Birnin Ƙonni, ko ta Kwangwalam ko Maigatari zuwa Damagaram, ina roƙonsa ya rubuto ya gaya mana yadda ya tarar da can, mu ƙaru da juna. Allah Ya ba ƙasashen nan biyu zaman lafiya, Ya kiyaye matafiya, Ya sa kada a sake rufe hanya tsakanin wa da ƙanwa. Amin.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu,
Kano.